Auren Sahura a Akwatin Zaɓe

Dalhatu mai hatsi mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Kowa a Bukkuyum ya san haka. Matarsa Sahura kuwa ta fi kowa sani, domin bakin nan ne ya tsinka biyu daga cikin igiyoyi uku na aurensu tun suna da ƙuruciya, ɗaya a kan gishirin miya, ɗayar shi kansa ya manta a kan me. Duk sau biyun da ƙafarsa ya je Gummi biko, yana sunkuyar da kai gaban iyayenta. Daga baya girma ya zo, 'ya'ya suka taso, aka zauna lafiya a kan igiya ɗayar da ta rage, har mutane suka manta cewa ɗaya ce.

Sai ga zaɓen shugaban ƙasa na bazarar 2003.

A jiha jam'iyyarmu ke riƙe da gwamnati, amma a Abuja mu ne 'yan adawa, kuma a shekarar nan mun sa rai irin wanda ba mu taɓa sawa ba. Mun rabu gida biyu. Akwai masu cewa an gama, rantsarwa kawai ta rage, akwai kuma masu girgiza kai su ce mai riƙe da kujera ba ya tashi don an roƙe shi. Dalhatu ne limamin kashin farko. Ya liƙa hoton ɗan takararmu a ƙofar zaurensa, da gaban babur ɗinsa, har a gindin mudun awonsa, ta yadda duk wanda ya auna masa gero sai ya ga fuskar mutumin a kife. Hujjarsa guda ce: yana cin kasuwar Anka, yana cin ta Gummi da ta Nasarawa Burkullu, bai taɓa karo da mutum ɗaya da ya ce zai zaɓi wancan ɓangaren ba. A wurin Dalhatu, Najeriya daga tashar Anka ta fara, a kasuwar Gummi ta ƙare.

Limamin ɗaya kashin kuma Mu'awiya ne, mai gyaran babur a Gummi, yayan Sahura uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abokin Dalhatu tun suna samari. Ta hannunsa ma Dalhatu ya samu auren. Shi ma ɗan jam'iyyarmu ne na gani kashe ni, amma ya yi shekaru a Kudu yana neman abinci, ya dawo da wani irin sanyin jiki game da siyasa wanda ke ba Dalhatu haushi ƙwarai.

Ranar kasuwar Gummi, saura mako biyu zaɓe, suka haɗu a rumfar hatsi bayan azahar. Zafi ya hana ciniki, mutane sun taru a inuwa ana shan fura, zance ya gangaro inda ya saba gangarowa.

"Ni hwa ban ce ba mu da jama'a ba," in ji Mu'awiya. "Jama'a muna da su. Amma mu na za mu jehwa, wasu na za su ƙirga. Kuma ƙasag ga ta hi idonka girma, Dalhatu. Na zauna garin da in ka hwaɗi sunan mutuminmu sai an tambaye ka mi shika saidawa."

Aka yi dariya. Dalhatu yana iya jure zagi, amma dariya ba ya iya jure ta.

"Kai dai zuciyakka ta mutu tun Kudu," ya ce. "Irinku na ka kashe muna gwiwa. Wallahi mun ci zaɓen ga."

"Wallahin ga kullum kana yin ta. In ta kama ka, azumi ukku ka yi ka huta."

Aka sake dariya, har wani mai kaji da ba a san shi ba ya riƙe ciki. Dalhatu ya miƙe tsaye, mudu a hannu. Da ya ce ya sa babur ɗinsa, da an wuce wurin. Da ya ce ya sa gonarsa ta bakin fadama, da an ce ya yi wauta an manta. Sai ya nemi abin da zai rufe bakin Mu'awiya gaba ɗaya, ya kuwa samo shi.

"To ku shaida. In mutuminmu bai hau kujerag ga ba, na saki Sahura."

Mu'awiya ya ajiye ludayinsa a cikin ƙwarya a hankali. Ya dubi Dalhatu, dubawar da ba fushi a cikinta, kamar dai yana neman wanda ya sani a fuskar ya rasa. Ya tashi ya tada babur ɗinsa ya tafi.

Tun kafin ƙarar babur ɗin ta ɓace Dalhatu ya ji abin ya sauko masa har tafin ƙafa. Ya ambaci sunan matarsa a tsakiyar kasuwa, a garin iyayenta, gaban yayanta. Ya buɗe baki zai ce subul da baka ne, ko da yake ya san wannan magana ba ta da subul da baka. Kafin ya furta, wani daga cikin samarin jam'iyya ya buga tsalle ya ɗaga hannunsa sama yana cewa ga namiji, ga wanda ya san abin da ya taka. Sauran suka ɗauka. Kafin la'asar wani mai kalangu ya sa abin a waƙa, yana bin rumfuna da ita: Dalhatu ya aza gida, ku mi kuka tsoro.

Labari ya riga shi isa Bukkuyum, domin motar kasuwa ta fi babur ɗinsa sauri a ranar. Ya daɗe a zaure yana kakkaɓe ƙurar da babu ita a rigarsa kafin ya shiga. Sahura ta yi masa sannu da zuwa yadda ta saba, ta kawo ruwa, ta kawo tuwo, ta koma madafa. Ba ta dube shi ba, ba ta kuma kauce masa ba. Da ta yi kuka ko ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Mahaifiyarsa ce ta yi maganar. Inna Fatsuma ta tsufa, idonta ya yi rauni, haƙoranta sun zube, kuma shekara da shekaru Sahura ce ke dama mata kunu, ta goga mata goro a magogi, ta kai ta bayan gida. Ta kira shi ɗakinta ta sa ya rufe ƙofa.

"Ɗiyar mutane ka ɗauka ka aza bisa tebur awa goro?"

"Inna, za mu ci. Ba abin da za shi hwaru."

"Ni ban tambaye ka wa za shi ci ba. Ko an ci, ka riga ka hwaɗa ma duniya abin da ta kai gare ka. Tashi ka ba ni wuri, kunyakka nika ji."

Ya fita. Ya yi niyyar washegari ya lafe a gida, amma jam'iyya ba ta bar shi ba. Abin da ya zama masa miki a cikin gida ya zama tuta a waje. Tsofaffin da ke ɗari-ɗari suka fara cewa mutum ba ya sa aurensa a kan banza, lalle wani malami ya duba masa ya gani. Wasu suka ce yana da ɗan'uwa a Abuja da ke ba shi labarin ciki. Masu sanyin jiki suka rage magana a majalisa, domin da zarar ɗayansu ya ce anya, sai a ce masa kai me ka aza. Na san mutanen da ba su da niyyar fita zaɓe, suka tono katinsu daga ƙasan adaka saboda rantsuwar Dalhatu.

A babban taron da aka yi a Anka, samari suka ɗauke shi cak suka ɗora a bayan mota kusa da lasifika. Mai sanarwa ya faɗi sunansa da sunan garinsa, ya kuma faɗi sunan Sahura, ya maimaita don na baya su ji. Fili ya ɗauka da tafi. Dalhatu ya ɗaga dunƙulallen hannu yana murmushi, gumi na bin bayansa. Daga saman motar ya ga iyakar taron, ya ga inda mutane suka ƙare gonaki suka fara, a karo na farko ya ji a ransa cewa wannan duk bai kai cikin cokali ba a ƙasar da Mu'awiya ke faɗa.

Da aka watse ya sulale. Ya naɗa rawani ya rufe hanci, ya bi lungu har zauren Modibbo Sanusi, wani tsohon malami Bafulatani da ake kai wa matsalolin aure daga nesa. Ya jira har ɗalibai suka tashi, sannan ya matsa ya durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, wani abokina na yay yi wata magana cikin hushi."

"Dalhatu na Bukkuyum," in ji Modibbo, bai ko ɗago ba. "Lasifikarku har nan take kawowa. Sauke rawanin ka sha iska."

Ya sauke. Ya faɗi maganar kamar yadda ya furta ta, Modibbo ya sa ya maimaita, ya tambaye shi ko a cikin hankalinsa yake, ko wani ya tilasta shi. Daga nan ya tambayi abin da Dalhatu ke gudu.

"Igiya nawa tar rage?"

"Guda."

Modibbo ya ja carbinsa.

"Da da saura, da na ce in ta hwaɗi ka mai da ita. Wagga ba ta da biko. Magana ta hita, ba ni da abin da za ni mai da ita bakinka. Ka nisanci ɗakinta har a ji yadda ta ƙare. In ya ci, matakka ta. In bai ci ba, ta haramta gare ka sai ta auri wani."

"Ba sadaka, ba azumi?"

"Wagga ba rantsuwa da Allah ta ba, da Allah mai gahwara na. Da ɗiyar mutane ka rantse." Ya dube shi a karo na farko. "Kai da kaz zo nan, ashe ba ka tabbata ba."

Dalhatu ya miƙe. Ya naɗa rawaninsa ya fita, a bakin titi kuma wasu samari suka gane babur ɗinsa saboda hoton da ke gaba, suka bi shi da waƙar har ya bar gari.

Daga ranar ya koma kwana a ɗakin zaure. Da safe ya fita majalisa ya yi ta cika baki, don in ya yi shiru za a ce jam'iyya ta karaya. Da rana ya shigo gida ya tarar da abin da ke karya shi. Sahura ta fara shiri, kuma ba a ɓoye take yi ba, ba kuma don ya gani ba. Ta sauke jeren kwanoninta na ɗaki ta wanke, ta ɗaure su a tsofaffin zannuwa. Ta dafa kalwa ta yi daddawar da za ta kai gidan ƙarshen damina. Ta daka kuka da kuɓewa ta cika tulu. Ta kai awakinta biyu wurin maƙwabciyarta Hasana. Kullum da hantsi tana tsaye a kan 'yarta Naja'atu tana koya mata kunun Inna, yadda ba zai yi gudaji ba, da yawan tsamiyar da tsohuwar ke iya sha. Duk masu sharhin rediyo babu wanda ya faɗi sakamakon zaɓen nan a fili kamar yadda Sahura ta faɗe shi da hannuwanta.

Ranar da ya ga ta cire labulen ƙofarta tana ninkewa ya kasa daurewa.

"Mi na na wanga duka? Na ce maki za mu ci."

"To Allah shi sa, Malam."

"Ba ki ga taron Anka ba. Ba masaka tsinke."

"Na ji. Har sunana an ce ya halarta." Ta ci gaba da ninki. "In ka tabbata, mi yak kai ka zauren Modibbo da rawani bisa hanci?"

Bai tambaye ta wa ya gaya mata ba. A ƙasarmu ana gane mutum da tafiyarsa ko ya rufe fuska da bargo. Ya tsaya yana neman kalmar ban haƙuri, sai ya ga duk wadda ya ɗauko ta yi ƙanƙanta, ya juya ya koma zaure.

Washegari Aisatu shugabar matan jam'iyya ta zo da atamfa mai hoton ɗan takara, ta shiga da guɗa. Daga zaure Dalhatu yana jin komai. So take ranar zaɓe Sahura ta ɗaura atamfar ta shige gaban layin mata, wai ita ce tutarsu, in mata suka gan ta babu wadda za ta zauna a gida.

"Ɗauki zanenki, Aisatu," in ji Sahura, muryarta ko tashi ba ta yi ba. "Ban zuwa. Ban tsayawa layi in roƙi aurena gaban mutane. Wanda yak kai shi can shi je shi ɗauko."

Aisatu ta fito tana ƙunƙuni, ta wuce Dalhatu ko gaisuwa babu.

Saura kwana uku Mu'awiya ya zo. Tun ranar kasuwa ba su haɗu ba. Ya yi baƙi, ya rame, ƙura har a girarsa. Ya ƙi zama a kan tabarma, ya tsaya a bakin zaure riƙe da makullin babur.

"Ban zo hwaɗa ba," ya ce. "Daga Adabka nike. Mako guda ina bin ƙauyuka da rugage ina roƙon mutane su hito. Ran zaɓe kuma za ni yi jigilar tsohwahhi wajenmu har mai shi ƙare."

Fuskar Dalhatu ta washe, irin washewar wanda ruwa ya ci ya taɓo ƙasa da ƙafa.

"Ka gani? Kai ma ka dawo hanya."

"Ban dawo ko'ina ba. Hwaɗuwa za mu yi, yadda nic ce maka. Amma ban son ranar da za ni zo ɗaukar ƙanwata in tuna akwai abin da ban yi ba." Ya juya makullin a yatsa. "Na kuma yi ma direban a-kori-kura magana saboda kayanta. Ya ce duk ranar da nika so."

Ya shiga ciki ya gaida Inna, ya ga ƙanwarsa, ya fito ya tafi. Dalhatu ya bi ƙurarsa da kallo. Mutumin da bai sa rai ba yana ƙona mansa a daji saboda auren, shi kuma mai sa rai abin da ya iya shi ne ɗaga hannu a bayan mota.

Jajibirin zaɓe ya ga Sahura a tsakar gida ta ƙunsa lalle a yatsunta goma, ta ɗaure da ganye. Ta daɗe ba ta yi ƙunshi ba sai da salla. Zuciyarsa ta ba shi cewa kwalliyar komawa gida ce, kada a ce ta dawo a wulaƙance, abin ya soke shi har ya kasa cin tuwon dare.

Ranar zaɓe ya yi wanka ya sa fararen kaya, ya saka katinsa a aljihun gaba, ya nufi makarantar firamare inda akwatin unguwarsu yake. Gari ya fito ƙwai da kwarkwata. Tun daga nesa ya jiyo samari suna rera waƙarsa. Ya rage tafiya, ya raɓe a bayan katangar wani kango don ya tattara fuskarsa kafin ya bayyana. A ɗaya gefen katangar ƙarshen layin maza ne, wasu dattawa biyu suna hira don rage tsayuwa. Ya san muryoyinsu, abokan cinikinsa ne.

"Kai kana ganin za mu kai?"

"Ina hwa. Mu dai mu sauke nauyi."

"To matar Dalhatu hwa?"

"Wagga ai ba ta daɗewa gida. Mace mai haƙuri, ga tsabta. Ana gama idda za ka ga manema. Ni kaina da ban tsuhwa ba."

Suka yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin dai ta masu jiran layi. Dalhatu ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Shi ne ya ba su bakin, ba shi da ikon cewa su yi shiru. Ya dubi layin, ya ƙiyasta yadda zai tsaya a bayan mutanen nan, yadda samari za su ɗaga shi sama, yadda kowa zai dube shi da fuska biyu. Ƙafarsa ta ƙi. Ya ce wa kansa bari layi ya ragu.

Ya bi bayan gari ya fita gonarsa. Ba a yi shuka ba tukuna, ƙasa a bushe, sai tarin karan da aka share. Ya zauna a gindin tsamiya da fararen kayansa. Ya yi azahar a nan. Sau biyu yana tashi ya kama hanya, sau biyu yana jiyo hayaniyar makarantar ya dawo. A zaune a wurin ya yarda da abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, cewa tun daga saman motar nan ta Anka ya daina sa rai, kuma ƙuri'arsa ɗaya ba za ta ɗaga komai ba. Da wannan ya lallashi kansa har inuwa ta juya. Sa'ad da ya shigo gari bayan la'asar an rufe layi, an zazzage akwati ana ƙirgawa a gaban jama'a. Ya ratse ta lungu ya shige gida.

Ya zauna a zaure. Can sai ga Sahura da fura a farin kwano, ta durƙusa ta ajiye a gabansa kamar kullum. Lallen ya kama, yatsunta sun yi jawur har sun doshi baƙi. Ya ɗauki kwanon zai kai baki, sai idonsa ya faɗa kan gefensa. A kan farin fentin akwai shatin babban yatsa, shuɗi, layi-layi, irin tawadar da ake dangwala wa takardar ƙuri'a. Danshin damu ne ya tada ta daga kan lallen.

"Kin tahi," ya ce.

Ta dubi kwanon, ta dubi yatsanta, ta tura hannun cikin gefen zane. Ashe don wannan aka yi ƙunshin.

"Na tahi."

"Kin ce ba ki zuwa."

"Na ce." Ta gyara durƙusonta. "Da rana tsaka nit tahi, ina zaton mata sun watse. Ba su watse ba. Suna ganina sunka buɗe mani hanya. Hasana tac ce, ku bari ta wuce, ta hi mu buƙata. Na bi ta gabansu guda guda, kaina ƙasa. Kowace ta san abin da niz zo nema. Tun da uwata ta haihe ni ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, Malam."

Sannan ta ci gaba.

"Ban sa rai ba, kai ma ka sani. Amma na ce shekarun ga da nay yi cikin gidan ga sun hi ƙarhin in zauna in naɗe hannu. In anka ƙirga, a iske akwai waɗanda sunka ce in zauna. Tawa guda, taka guda. Ko ba su kai ko'ina ba, biyu na."

Dalhatu yana riƙe da kwanon da hannu biyu, manyan yatsunsa a kan baki, a fili. Ya yi ƙoƙarin lanƙwasa na dama ya tura shi ƙarƙashi. Motsin ne ya jawo idonta. Ta dubi yatsan. Fari tas, ko ɗigo babu, sai ƙasar gona a ƙarƙashin farce. Ta dubi na hagun, ko an yi kuskure. Ta dubi aljihun rigarsa inda kan katin ya leƙo.

"Layi ya yi yawa," ya ce. "Na ce in jira shi ragu."

Shi kansa bai ji maganar ta fita da kyau ba. Sahura ba ta yi kuka ba. Ta daɗe a durƙushe tana kallon hannun nan, sannan ta fito da nata daga cikin zane, ta daina ɓoye shi.

"Ashe guda ta," ta ce.

Ta miƙe. A bakin ƙofar shiga gida ta tsaya, ba ta juyo ba.

"A aika ma Yaya shi zo da motar gobe da sahe."

"Sahura, ba a hwaɗi sakamako ba. Ko na jiha ba a tara ba. Ki jira rediyo."

"Ku jira naku," ta ce. "Ni na ga nawa."

Daga wajen makarantar aka ɓarke da sowa, an gama ƙirga akwatin unguwa, jam'iyyarmu ta cinye shi kusan duka. Samari suka taso da kalangu suka nufo ƙofar gidan suna kiran sunansa ya fito. Dalhatu yana zaune da kwanon a hannu bai sha ba, a cikin gida kuma yana jin Sahura tana jan ƙullin kwanoninta zuwa bakin ƙofa.